Layi Ɗaya, Aiki Uku: Lissafin Kira da Data ga Mai Fita Ƙasar Waje

Jirgi ya sauka, ba a ko buɗe ƙofa ba, kowa ya zaro wayarsa. Cikin minti ɗaya ƙarar shigowar saƙonni ta cika ko'ina. Saƙon farko yawanci daga kamfanin layinka yake fitowa, yana yi maka barka da zuwa ƙasa kaza, a ƙasansa kuma an jera farashin kira da na data. Ƙalilan ne ke karanta shi har ƙarshe. Kafin mutum ya kai wurin ɗaukar jaka, wayar ta riga ta sauke bidiyoyin da aka zuba a zaurukan WhatsApp tun jiya, ta soma sabunta manhajoji, ta kuma tura hotunan gajimaren da ya ɗauka ta taga zuwa ma'ajiyarsa ta intanet. Bai kira kowa ba, amma kuɗi sun fara tafiya.

Tambayar da matafiya suka fi yi ita ce wane layi ne ya fi araha. A ganina tambayar ta zo a karkace, shi ya sa amsarta ke ɓatar da mutane. A gida layi ɗaya ne ke yi maka aiki uku a dunƙule: yana riƙe da lambar da aka san ka da ita, yana ba ka data, yana kuma ba ka damar kira. Saboda kullum tare suke tafiya, ba ka taɓa lura cewa abubuwa uku ne ba. Da ka ƙetare iyaka sai su rabu, kowanne da farashinsa da inda ya fi sauƙin samu. Wanda ya nace sai ya saye su a wuri guda, shi ne ko dai ya biya da tsada, ko kuma ya rasa ɗaya daga ciki a lokacin da ya fi buƙatarsa.

Bari mu fara da dalilin tsadar romin, wato amfani da layin gida a wata ƙasa. A cikin kowane sim akwai lambar shaida da ba ta wuce alƙaluma 15 ba, wadda ba ita ce lambar da ake kiran ka da ita ba. Alƙaluma uku na farko suna nuna ƙasa, na biye da su suna nuna kamfani. Idan wayarka ta farka a baƙuwar ƙasa, wannan lambar take miƙa wa turken sadarwar da ta samu. Kamfanin can sai ya tambayi naka na gida: kun san wannan, kun ɗauki nauyinsa? Idan naka ya amsa, a buɗe maka sabis. Daga nan duk mintin da ka yi da duk megar da ka ci, kamfanin can zai rubuta wa naka a farashin sari, naka kuma ya ɗora ribarsa ya miƙo maka. Babu wanda ke zaɓen layin da zai riƙe shekara da shekaru saboda farashin romin na mako biyu, don haka babu wata gasa da za ta tilasta wa kamfanoni sassautawa. Ka zama baƙo, kuma baƙon da ba ya ciniki.

Inda farashin ya faɗi warwas, hukuma ce ta sa hannu. Tarayyar Turai ta fara ƙayyade kuɗin kiran romin a 2007, sannan daga 15 ga Yuni 2017 ta soke ƙarin kuɗin baki ɗaya: mai layin Faransa zai yi amfani da shi a Jamus ko Italiya a kan farashin gida. An sabunta dokar a 2022 zuwa 2032, kuma ta haɗa da Norwe da Aislan da Liktenstain. Suwizalan ba ta ciki, duk da tana zaune a tsakiyar nahiyar, abin da ya sha kama masu ratsa ta a jirgin ƙasa. Birtaniya ta nuna abin da ke faruwa idan aka ɗage doka: bayan ficewarta daga tarayyar, manyan kamfanoninta irin su EE da Vodafone da Three sun dawo da kuɗin romin na rana-rana. A gabashin Afirka, Kenya da Ruwanda da Uganda da Sudan ta Kudu sun kafa nasu tsarin na rage kuɗin kira a tsakaninsu tun 2014, ECOWAS ma ta amince da makamanciyar doka a 2017, sai dai aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya, ƙasashe bibbiyu suna ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu. Amfanin sanin wannan ga matafiyi a fili yake: wanda zai zaga ƙasashen Turai huɗu ba ya buƙatar layi huɗu. Layin da ya saya a ƙasar farko zai iya ɗaukar sa har ƙarshen tafiya, muddin ya tambaya tun a kanti ko tsarin yana da romin da kuma giga nawa aka yarda ya ci a wajen ƙasar, domin yawanci ba ya kai abin da aka rubuta a jikin kwali.

Cikin abubuwan nan uku, lamba ce aka fi rainawa, kuma ita ce rashinta ya fi ciwo. Na koyi wannan a gaban teburin karɓar baƙi na wani otal, da tsakar dare. Tun a filin jirgi na sayi layin ƙasar, na cire nawa na naɗe shi a takardar rasit na cusa a aljihun jaka, ina ta yaba wa kaina dabara. Da na miƙa katin banki, matashin da ke bakin aiki ya gwada sau biyu, ya ɗago cikin ladabi ya ce, “Yallaɓai, bankinka yana neman lambar da ya turo maka.” Lambar kuwa tana can ta tafi layin da ke naɗe a takarda. Haka na durƙusa na zazzage jaka a gaban mutane, na ari allurar ƙugiyar takarda na buɗe wayar. Ban yi asarar ko sisi ba, amma da a ce layin ya faɗi a mota, da ban san inda zan kwana ba.

Banki, akwatin imel, kamfanin jirgi, shafukan sada zumunta, duk lambarka ta gida suka sani, kuma da sun ga an shiga daga baƙuwar ƙasa za su nemi tabbaci ta saƙon tes. Abin daɗin shi ne, a mafi yawan kamfanoni karɓar tes a ƙasar waje kyauta ne. Ke nan layin gida ya zauna cikin waya a kunne, a kashe masa data kawai. Sharaɗi ɗaya ne: ka tabbatar an buɗe masa romin kafin ka tashi, don wasu layukan sai an nema ake buɗewa, kuma neman hakan daga can yakan yi wuya. WhatsApp kuwa ba ruwansa da sim ɗin da ke cikin wayar. Da zarar an yi masa rijista da lamba, a kanta yake zama ko da ka sa wani layin. Idan ya tambaye ka ko kana so ka sauya lamba, ka ce a'a.

Yanzu data, inda mafi yawan kuɗin ke tafiya. Hanya mafi muni ita ce a bar layin gida yana cin data a farashin mega-mega ba tare da an sayi wani tsari ba. A nan ake samun labaran mutanen da suka dawo suka tarar da bashin da ya fi kuɗin tikiti. Turai ta ɗaure wannan da doka tun 2010, inda ake datse datar idan ta kai yuro 50 sai mai layi ya ce a ci gaba, amma ba kowace ƙasa ke da irin wannan birki ba. Gaba da wannan akwai tsarin rana-rana da kamfanin gida ke sayarwa: ka biya wani abu a kowace ranar da ka taɓa wayar, ka ci gaba da kira da data kamar kana gida. Daɗinsa ba ka sauya komai. Mu ƙaddara dala 10 ne a rana, don misali. Tafiyar kwana 3 ta zama dala 30, wanda ga mai zuwa taro ya dawo bai kai ya tsaya bin layin rijista a kansa ba. Tafiyar mako uku kuwa ta zama dala 210, kuɗin da zai sayi layin ƙasar sau da yawa har da canji. Kuma “ranar da ka taɓa wayar” ta haɗa da ranar da wata manhaja ta leƙa intanet da kanta kana barci.

Layin ƙasar da ka je shi ne yawanci mafi arahar giga, ga shi yana zuwa da lambar ƙasar, wadda direban tasi da mai masauki za su kira ba tare da sun yi tsaki ba. Abin da yake ci shi ne lokaci. Ƙasashe da dama ba sa sayar da layi sai da fasfo; Jamus ta tsaurara tantance masu sayen layi tun 2017, Indiya na neman fasfo da biza, a Japan kuwa layin data kaɗai ne ke da sauƙin samu ga baƙo. Kantin filin jirgi ya san ka gaji kuma ba ka da zaɓi, shi ya sa tsarin “na masu yawon buɗe ido” da yake nuna maka yakan fi na cikin gari tsada. Mai dogon zama a Turkiyya yana da wani ƙarin lissafi: wayar da aka shigo da ita daga waje, idan ta yi kwana 120 da layin ƙasar ba a yi mata rijista ba, rufe ta ake yi, harajin rijistar kuma ba ƙarami ba ne.

Sai eSIM, layin da ba shi da kati, wanda ake saukewa cikin waya ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR ko ta manhaja. Ya fara yaɗuwa da Pixel 2 a 2017 da iPhone XS da XR a 2018, har ta kai iPhone 14 da aka sayar a Amurka a 2022 ba ta da ramin sim ko ɗaya. A kansa ne kamfanoni irin su Airalo da Holafly da Nomad da Saily suka gina kasuwarsu: ka sayi data kana zaune a ɗakinka, ka sauka jirgi tana jiran ka. Ga tafiyar mako ɗaya zuwa uku, ni shi nake zaɓa, ba na kuma ɓoye hakan. Sai dai a san abin da ake saya. Mafi yawan waɗannan layukan data ce zalla, ba lamba, ba tes. Kuma su ma romin ne, an dai saye shi da yawa a sari aka yanka maka. Saboda datar romin yawanci sai ta koma ƙasar kamfanin da ya ba da layin kafin ta fita intanet, kana iya zama a Masar shafuka su ɗauka kana Polan ko Hon Kon. Wannan zagayen yana sa ɗan jinkiri a kiran bidiyo, wani lokacin ma ya sa banki ya ƙara zargi. A Sin kuwa ya zama alheri: datar da ke zagayawa ta waje ba ta bi ta shingen da ya toshe Google da WhatsApp da Facebook, alhali layin ƙasar da Wi-Fi ɗin otal duk a bayan shingen suke.

Kafin ka ba da kuɗinka, danna *#06# a wayar. Idan ka ga lambar da aka rubuta wa EID, tana ɗaukar eSIM. Yawancin wayoyin da aka yi domin kasuwar Sin ba su da shi, ko da sunansu ɗaya da na sauran duniya. Ka kuma tabbatar wayar ba a kulle take ga kamfani ɗaya ba, abin da ya zama ruwan dare a wayoyin da aka saya bashi-bashi. Kullalliyar waya ba ta karɓar baƙon layi, na kati ne ko marar kati. Sannan ka saya ka sauke tun kana gida, domin saukewar tana buƙatar intanet, kuma wasu ƙasashen sun toshe hanyar saye daga cikinsu: Indiya ta sa an cire Airalo da Holafly daga rumbunan manhaja a farkon 2024, Turkiyya ma ta toshe shafukan da yawansu a 2025. Ka duba ko kwanakin suna fara ƙirguwa daga ranar saukewa ne ko daga ranar da layin ya fara kama sabis a can. Kada kuma ka goge shi don ya ƙi aiki a minti biyar na farko. Lambar QR sau ɗaya galibi take amfani, kuma sau tari matsalar ita ce ba ka kunna masa romin na data ba. Abin dariya ne, amma haka yake: maɓallin da aka ce ka kashe a layin gida, shi za ka kunna a wannan.

Akwai wata yaudara da mutum ke yi wa kansa da lissafin giga. A ce ga giga 20 a dala 25, ga kuma giga 5 a dala 12. Na farko ya fi araha a kowace giga, ido kuma can yake tafiya. Amma idan giga 4 za ka ci kafin ka dawo, a na farkon kowace giga ta tsaya maka sama da dala 6, a na biyun dala 3, ragowar kuma ta mutu da ƙarewar kwanaki. Ba sai ka yi canki-canki ba: saitin wayarka yana nuna abin da ka ci a watan jiya da manhajar da ta ci shi. Taswira da saƙonni da imel ba su da ci. Bidiyo ne kura. Netflix da kansa ya ce kallon awa ɗaya yana iya cin giga 1 a matsakaicin haske, giga 3 a mai kyau. Wanda ya sauke taswirar garin tun a gida, ya hana hotuna hawa ma'ajiya sai da Wi-Fi, ya kashe saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp, zai yi mamakin yadda 'yar data ke kai shi.

Kalmar “ba iyaka” ita ma a karanta abin da ke ƙarƙashinta. Yawanci ana nufin ba za a datse ka ba, amma bayan ka ci wani adadi a rana za a rage gudun. Idan aka mayar da kai kilobit 128 a daƙiƙa, hoto ɗaya mai mega 3 zai ɗauki sama da minti 3 kafin ya tafi. Saƙon rubutu zai wuce, kiran bidiyo kuwa sai haƙuri. Da yawansu kuma suna ƙayyade raba data ga kwamfuta ko wayar abokin tafiya, don haka iyalin da suka yi shirin sayen layi ɗaya su rataya a kansa su duba wannan tukuna.

Kira shi ne ya fi sauƙin warwarewa, sai dai yana da ramuka. Muryar WhatsApp ba ta kai mega ɗaya a minti, ke nan hirar awa guda da gida ba ta kai kallon gajeren bidiyo ba. Matsalar ita ce banki da ofishin jakadanci da kamfanin jirgi lambobin tarho na gaske suke da su. Shekaru da dama Skype ne ke cike wannan giɓin da kuɗi kaɗan, amma Microsoft ya rufe shi a watan Mayun 2025. Viber Out da Rebtel suna cikin masu yin aikin yanzu, ka zuba 'yan kuɗi ka kira kowace lamba ta intanet. Idan kamfaninka yana ba da kira ta Wi-Fi, wannan ma hanya ce, don da yawa suna lissafa kiran gida ta nan kamar kana gida, amma a tambaya, ba duka ba ne. Ka kuma adana lambar bankinka ta ƙasa da ƙasa mai farawa da alamar +, saboda lambobin kira kyauta da gajerun lambobi galibi ba sa shiga daga waje. Mai zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya san cewa kiran WhatsApp a toshe yake a layukan ƙasar, saƙo ne kawai ke tafiya. Manhajoji masu lasisi irin su Botim ake amfani da su.

Ramin da ya fi ba mutane mamaki shi ne amsa kira. A gida mai kira ne ke biya a mafi yawan ƙasashe, amma a romin kai ke biyan kuɗin kawo kiran daga ƙasarku zuwa inda kake. Har wanda ba ka amsa ba yana iya ci maka kuɗi: kiran ya zo ƙasar da kake, bai same ka ba, ya juya zuwa akwatin saƙon murya da ke gida, wasu kamfanonin su caje ka zuwa da komawa. Danna ##002# kafin tafiya yana soke duk wani juya kira a yawancin layuka. Akwai kuma sabuwar matsala da tsofaffin matafiya ba su saba da ita ba. Manyan kamfanonin Amurka uku sun kashe 3G a 2022, Ostareliya ta bi sahu a 2024. A irin waɗannan wurare kiran murya ta 4G yake bi, kuma idan wayarka ko yarjejeniyar kamfaninka ba ta ɗauke shi ba, za ka ga data tana aiki lafiya lau amma kira ya ƙi fita.

Idan aka haɗa, tsarin da ya fi dacewa da yawancin tafiye-tafiye ba shi da wani ado: layin gida a kunne domin tes, datarsa a kashe, data daga eSIM ko layin ƙasar gwargwadon tsawon zama, kira ta intanet, da 'yan kuɗi a ajiye domin lambobin tarho. Mai kwana biyu ya biya na rana-rana ya huta. Mai wata uku ya bi layin rijista, zai fanshe. A wayar mai layi biyu akwai wani maɓalli da ke ba ta izinin sauya layin data da kanta idan ɗaya ya yi rauni. A kashe shi, in ba haka ba za ta koma layin gida a ɓoye, an gudu ba a tsira ba.

Wuri ɗaya ne duk wannan shiri ba ya kare ka, wato kan ruwa da sararin sama. Jiragen ruwa na fasinja da wasu jiragen sama suna da nasu ƙaramin turken sadarwa da ke haɗe da tauraron ɗan Adam, kuma farashinsa yana cikin mafi tsada a duniya. Dokar Turai ba ta shafe shi ba, ko da jirgin tsakanin Italiya da Girka yake tafiya, tsarin rana-rana ma galibi bai haɗa da shi ba. Da gaɓa ta ɓace, wayar za ta saki turken ƙasa ta kama na jirgin ba tare da ta tambaye ka ba. Irin haka na faruwa a garuruwan bakin iyaka, inda turken maƙwabta ya fi na ƙasar da kake ƙarfi. Maganin wannan shi ne ka zaɓi kamfanin da hannunka a saiti maimakon barin wayar ta zaɓa. A kan ruwa kuwa ka duba sunan da ya fito a saman allo. Idan baƙon suna ne, ko lamba mai farawa da 901, to waɗannan alƙaluma ukun ba na kowace ƙasa ba ne, na hanyoyin sadarwar ƙasa da ƙasa ne irin na teku da tauraron ɗan Adam. Ka sa wayar a yanayin jirgi har sai ka hango gaɓa.